Tsohon da Ya Ƙi Tashi Gaban Surukinsa

Tanimu, ka ce gobe ba za ka kai Baba wurin duba tsofaffi ba, wai kunya yake ji. Zauna tukuna. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma tun da na rasa maigidana zaman takaba ya ba ni sararin tunani. Bari in ba ka misali.

An yi waɗansu marina biyu da suka tsufa a bakin karofi ɗaya, ƙafa ta fara yi musu nauyi. Wata rana ma'aikatan lafiya suka zo unguwa, suka ajiye kujera a filin makaranta. Gwajin ba allura, ba ɗibar jini. Ka tashi ba tare da ka dafa ba, ka taka zuwa gindin darbejiya, ka dawo ka zauna. Na farko ya yunƙura, ya koma daɓas, hula ta yi gefe. Tsararrakinsa suka bushe da dariya. Ya ce, "Ku dai yi, layi na zuwa kanku." Aka gane gwiwarsa ta yi rauni, aka koya masa yadda zai riƙa motsa ta safe da yamma, aka ce ya riƙe sanda. Da aka zo kan na biyu, sai ya hango mijin 'yarsa cikin 'yan kallo. Ina shi ina tangaɗi gaban suruki? Ya gyara zaman rigarsa, ya ce shi garau yake, rakiya ya yo.

Damina ta sauka, hanyar karofi ta yi santsi, na biyun ya daina zuwa. Sannu a hankali masallaci ma ya yi masa nisa. 'Ya'yansa kuwa, don girmamawa, ba sa barin ya motsa: wannan ya miƙo buta, wancan ya kawo akushi. Ƙafar da ba a takawa ta ƙara mutuwa. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, duk sai dai ya ji labari. Bai faɗi ba, bai karye ba. Duniyarsa ce ta yi ta tsukewa har ta dawo faɗin tabarma. Tuwo ya fita ransa, magana ta ragu. Abokin nasa kan zo gaishe shi yana dogara sanda, hannu baƙi ƙirin da shuni, ya kawo masa hirar kasuwa, shi kuwa sai ya juya fuska bango. Daga baya ko makewayi zai je sai an cicciɓe shi, kuma mai ƙarfin ɗaukarsa a gidan shi ne mijin 'yar nan tasa.

Ka lallashi Baba ka kai shi. In zai yi tangaɗi, ya yi a gaban masu iya taimakonsa. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.