Ƙafafun Baba Bisa Kafaɗata

Tun azahar Baba yake tsugune yana cirar ciyawa a garkarmu ta Jiratawa. Da na kawo mashi fura, ya miƙe zumbur, sai kawai ya zube.

Maƙwabtan garka suka sheƙo suna salati. Suka ɗaga shi zaune, suka jingina shi da itacen bedi, don ba a barin dattijo kwance cikin laka. Kansa ya langaɓe, idanunsa suka kakkafe. Na ji wani ya ce, "A janye yarinyar nan."

Sai ga Majo, tsohon ma'aikacin asibiti da ke noman albasa kusa da mu.

"Ku kwantar da shi! Kashe shi za ku yi?" Ya dube ni. "Ɗiyata, ɗora ƙafafunsa bisa kafaɗarki."

Suka kwantar da shi, na duƙa na ɗauka. Majo ya dafa wuyan Baba da yatsa biyu, ya ce, "Zuciyar tana nan. Ƙwaƙwalwa ce ta makara wajen gaya mata cewa ya miƙe tsaye."



Yau, bayan shekaru, aikina ke nan, binciken jijiyoyin da ke kai wa zuciya wannan saƙo. Likitoci suna amfani da abin da na gano, amma in an yaba mani, nauyin dugadugan nan masu laka nake ji.

Ran nan dai, can Baba ya buɗe ido, ya kalle mu, ya ce, "Wa ya bar ruwa yana ta zuba cikin albasar Majo?"