Matsa Kaɗan

A tashar jirgin ƙasa ta mayar masa da kundin hotunansa, idonta cike da ƙwalla.

"Na duba duka, Mai Hoto. Tsuntsaye, jirage, tsofaffin gine-gine. Shekara uku ina riƙe maka jaka, ba na cikin ko ɗaya."

Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Kullum 'matsa kaɗan, kin shiga hoton.' To, na matsa. Ɗan kawuna zan aura."

Ta shiga jirgi ba ta waiwayo ba. Da jirgin ya fara tafiya, Mai Hoto ya ɗaga kyamara, karo na farko yana neman fuskarta a taga.

Ya duba hoton. Jirgin ya fito tar, ita kuwa dishi-dishi. Hannunsa ya riga ya saba.