Ƙarfen Rufin Motar Marigayi

Ka ce motar maƙwabcin naka ta daɗe a yashe, Malam Ɗayyabu, ka ce ko an cire mata abu ɗaya ba wanda zai lura. To, zauna tukuna in ba ka misalin wani mutum, in na gama sai ka yi abin da ka ga dama.

Mutumin nan yana da tsohuwar mota irin ta zamanin iyayenmu, wadda ake lulluɓe rufinta da baƙar leda, a danne bakin ledar da wani siririn ƙarfe mai ƙyalli don kada ruwa ya bi ƙarƙashi. Ya gyara inji, ya sake fenti, ya sa an ɗinka kujeru, amma ƙarfen gefen direba ya karye tun tuni, kuma an daina ƙera irinsa. Ya zaga Ƙofar Ruwa, ya leƙa Panteka, ya aika har Ikko, ko'ina sai a ce masa an manta rabon da a ga irinsa. Abin ya tsaya masa a rai. Jama'a na yaba mota, shi kuwa idonsa na kan wurin da babu ƙarfen, kamar mai giɓi da harshensa ba ya barin gurbin haƙori.

Ana nan wata rana ya hango irin motarsa sak a bayan wani gida a ƙauye, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji na kwana a ƙarƙashinta, amma ƙarfen rufin lafiya lau. Ta wata tsohuwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata. Ya roƙe ta ta sayar masa da ƙarfen kaɗai, ta ƙi. Ta ce ɗakinta yana yoyo, shi ya sa a cikin motar take ajiye rigunan marigayi da littattafansa da hotunan 'ya'yansu biyu da suka riga ta gidan gaskiya, kuma shekara da shekaru ruwa bai taɓa su ba. Shi a ganinsa rigimar tsufa ce kawai. Ranar Juma'a da tsakar rana, maza duk suna masallaci, tsohuwa ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, sai ya lallaɓo ya sa sukundireba ya ɓamɓare ƙarfen ya yi gaba. Sallar da bai samu ba ke nan, kuma ko a jikinsa.

Ƙarfe ya zauna a motarsa daram kamar don ita aka yi shi. Can ƙauye kuwa damina ta sauka, bakin ledar ya ɗage, ruwa ya bi ta hudojin da tsatsa ta daɗe da yi a ɓoye. Da tsohuwa ta buɗe motar bayan ɗaukewar ruwa, ta tarar riguna sun ruɓe, littattafai sun dunƙule, fuskokin da ke cikin hotuna sun wanke tas. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi wa kowa Allah-ya-isa ba. Ta mayar da ƙofa a hankali ta koma ɗaki.

Sai da bazara ta tsaya, lokacin da ƙasa ke tsagewa don zafi, yana tuƙi da azahar ya ji ɗigon ruwa a kafaɗarsa ta hagu, mai sanyi kamar na randa. Ya shafa rufi ya ji shi a bushe. Washegari ma haka, jibi ma haka, kuma ruwan yana warin tsohon tufa da aka daɗe da rufewa. Tsoro ya fara kama shi. Ya kai motar wurin mai ɗinkin kujeru, aka ɗaye ledar gaba ɗaya, aka ga rufi fes, ba huda ba tsatsa. Mai ɗinki ya taɓa kafaɗar rigarsa, ya janye hannu ya goge a wando.

"Alhaji, wannan yoyon ba aikina ba ne. Inda ka samo ƙarfen nan, mayar da shi."

Kunya da son abin suka riƙe shi har wata biyu. Ranar da ya gaji ya ciro ƙarfen ya nufi ƙauyen, ya tarar an yi sadakar arba'in ɗin tsohuwa, motar kuma 'yan gwangwan sun sassare ta sun kwashe. Ba ta bar magaji ba. A bakin maƙwabta ya ji labarin rigunan da hotunan, ya tsaya da ƙarfe a hannu ya rasa wanda zai miƙa wa. Ya ajiye shi a gurbin da tayoyi suka bari ya juya. Ya sayar da motarsa ya sayi sabuwa dal, wadda ba leda ba ƙarfe a rufinta, kafin ya kai gida kafaɗa ta jiƙe. Daga nan ya daina shiga mota kwata-kwata.

Ni da idona na gan shi a filin idi, da hantsi rana ta fito sosai, ba rufi a kansa, ko ɗigon gajimare babu a sama. Yana zaune cikin sahu da farar shadda, kafaɗarsa ta hagu sharkaf, waɗanda ke gefensa sun ɗan matsa. Yafiya yake nema, mai yafe masa kuwa tana ƙarƙashin ƙasa.

Saboda haka tashi ka je ka yi wa mai motar sallama tun yana raye, in ya ba ka ka gode, in ya hana ka ka haƙura. Ba banza ba Hausawa suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.