Katin Baftismata

Shekarata goma sha uku lokacin da malamar ajinmu a Kafanchan ta kai ƙarar ƙanen Baba, Ankul Yohanna, wurin 'yan sanda, bayan na gaya mata abin da yake yi mini in an tafi gona. Suka ce a kawo shaidar shekaruna, domin yarinyar da ba ta kai sha huɗu ba, doka ba ta tambayar ko ta yarda.

Da la'asar Baba ya kira ni gindin mangwaro. Ya shimfiɗa katin baftismata a kan benci, ya ɓare sabuwar reza.

Ya ce, "Danne mini nan, kada ya motsa."

Na danne da yatsu biyu. A hankali ya kankare lambar ƙarshe ta shekarar haihuwata, ya hure garin takardar, ya murje wurin da farce, ya rubuta wata da biro.

"Yanzu shekarunki sha shida. In sun tambaya, ke kika je ɗakinsa da ƙafarki."

"Baba, ba ni na je ba."

Bai ko ɗago ba. "Kina so ƙanena ya ruɓe a fursuna saboda ke?"

Mama tana tankaɗe a ƙofar kicin, ba ta dakata ba.

Washegari na faɗi abin da aka koya mini, aka sallami Ankul. Ran Lahadi shi ya karanta Littafi a coci, ni kuma aka cire ni daga ƙungiyar mawaƙan coci.

Har yau shekarar da Baba ya zaɓa nake rubutawa a kowace takarda, kuma duk sanda na zo lambar ƙarshe sai hannuna ya tsaya.