Ɓarawon Tarkon Musbahu

Musbahu ya ɗago tarkon daga ruwa, ya girgiza. Wayam, kamar jiya.

Gorar roba ce ya yanke, ya zuba burodi a ciki, ya nutsar a gulbin da ke gefen teku, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Haka abokinsa Abdulghani ya koya masa bayan rusau ɗin unguwar Karantina ya raba Musbahu da shagonsa. Ƙananan kifi su shiga, ka saƙala su da rai a ƙugiya, babba ya kawo kansa. Babban bai taɓa zuwa ba. Yanzu ƙananan ma wani ke riga shi kwashewa.

Wa zai kai wa ƙara, baƙon da ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar? Ba don ɗan soyayyen kifin da matarsa Zubaidatu ta ce maƙwabciya na aiko musu ba, da 'yarsu Sajida gayan shinkafa za ta riƙa ci.

Washegari daga masallacin asuba ya wuce gulbin, ya laɓe bayan dutse. Sai ga mace ta tattare abaya, ta shiga ruwa, tana juye tarkonsa a leda.

"Ke! Ba kya tsoron Allah?"

Ta juyo. Zubaidatu ce.

"Baban Sajida," ta ce, "kullum teku kake ciyarwa. Babu wata maƙwabciya. Duk sun tashi tun rusau."