Tiren Duwatsu

Shugaban sashe ya dire tiren duwatsu a kan tebur da ƙarfi, har kwalbar asid ta girgiza.

"Na faɗa miki, wannan fanni ba na irinki ba ne. Ki koma wani sashen tun da sauran lokaci."

Ɗalibar ko gezau. Ita kaɗai ce mace a ajin ƙarshe na nazarin duwatsu, kuma tun da ta dawo daga jinya ake lallashinta ta haƙura. Har mahaifiyarta ta sa baki. Ita kuwa ta kafe: a gwada ta a gaban kowa, in ta faɗi ta tafi da ƙafarta.

Malamai suka jeru a bayanta.

Ta ɗauki na farko, ta murza da babban yatsa. Ƙwayoyi suka zubo mata a tafi. "Yashi ne ruwa ya tara, nauyi ya danne shi shekara da shekaru har ya zama dutse."

Na biyu ta ɗiga masa asid, ta kai shi kusa da kunne. Ta ji ƙarar kumfa tana tashi. "Dutsen farar ƙasa."

Na uku mai nauyi ne, garas-garas, ƙusa ta kasa kartarsa. "Wannan a narke yake da, can cikin ƙasa. A hankali ya huce, shi ya sa ƙwayoyinsa suka yi manya."

Shugaban ya zaro wani daga aljihu ya danƙa mata. Ta jujjuya shi, ta shinshina, ta taɓa da harshe. Sai ta yi dariya.

"Haba, Malam! Ɓaraguzan siminti ne. Daga fasasshiyar matakalar ofishinka ka tsinto?"

Wani malami ya tuntsire da dariya, ya wayance da tari.

"To, na ukun wane launi ne?" in ji shugaban.

"Kai ka koya mana cewa a dutse babu abin da ya kai launi yaudara. Ko ka janye maganarka?"

Can shugaban ya ce motar da za ta kai ɗalibai aikin daji ranar Litinin za ta tashi da sassafe, kada ta makara.

"Ni zan riga ka zuwa, Malam."

Ta miƙe, ta laluba gefen kujera, ta warware farar sandarta, ta fita tana ƙwanƙwasa daɓe, kamar yadda take yi tun ranar da ta rasa idanunta.