Lambatun Zongo

Ranar Asabar ce ta aikin gayya a Zongon Parakou. Samarin masallaci da 'yan coci suna haƙa lambatu, delege, wato wakilin hukuma a unguwa, na zagayawa yana kiran kowa "kamarad", wato abokin gwagwarmaya. Chaibou, sakataren kwamitin juyin juya hali, ya hango Memuna tafe da tulu, sai ya sunkuyar da kai.

Ta tsaya daidai inda aka rushe rumfar ƙosan mahaifiyarta shekaranjiya, ta miƙa masa moɗa.

"Malam Chaibou, Baba ya ce ka turo magabatanka," ta faɗa tana kallon ƙasa. "Wai wanda ya tsaya wa unguwa haka zai riƙe 'yarsa amana."

Ya karɓi moɗar, bai sha ba. Shi ne ya karkatar da layin lambatun a takardar kwamiti, ya kauce wa shagon kawunsa, ya bi ta kan rumfar.

"Memuna, ba hukuma ce ta zaɓi rumfar Inna ba. Ni ne. Shagon Kawu ya kamata a rushe."

Ta daɗe tana kallonsa, idanunta sun ciko.

"Jiya ma Inna sai da ta sa maka albarka."

Ya mayar mata da moɗar, ta karɓa ta ci gaba.

"Kada ka turo kowa tukuna. Je ka faɗa mata da bakinka. Abin da ta ce, shi na ce."

Ta wuce wajen masu haƙa. Chaibou ya jingine shebur, ya nufi gidan su Memuna.